Yadda Ake Koyar da Turanci a Ajin da Ya Cika Maƙil Kuma Babu Littattafai

Tsarin Ilimi na Ƙasa a Najeriya ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare da malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a Kano ko Zariya ko Gusau ya san cewa samun yara ɗari ko fiye a aji ɗaya ba abin mamaki ba ne, wasu a kan benci, da yawa a ƙasa, littafin karatu kuma sau da yawa guda ɗaya ne, shi ma yana hannun malami. A takarda Turanci shi ne harshen hukuma, amma ga yaron da ya tashi a ƙauyen Jigawa ko Katsina baƙon harshe ne, domin ba ya jin sa a gida ko a kasuwa ko a wurin wasa. Duk da haka, sai ya ci darasin Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO kafin ya samu gurbi a jami'a. A shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyarwa da harshen uwa har zuwa aji shida, a watan Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da janye wannan tsari. Ko wane tsari aka bi, nauyin yana kan malamin da zai shiga aji da alli a hannu.

Matsalar ta daɗe ana nazarinta. Michael West, wani Baturen Ingila da ya yi shekaru yana aikin ilimi a yankin Bengal, ya yi rubutu a kanta tun 1960, kuma a lissafinsa ajin da ya haura yara 30 ya riga ya shiga sahun ajujuwa masu wahala. Abin da ya jaddada shi ne, gwargwadon yawan yara da tsananin yanayi, gwargwadon yadda ya kamata malami ya rage nasa surutun ya mayar da hankali ga abin da yaran suke yi da bakinsu da hannunsu. Lissafi kaɗan zai nuna gaskiyar haka. Idan darasi minti 35 ne kuma yara ɗari ne, ko da malami bai ce uffan ba, ya bar su suna magana ɗaya bayan ɗaya, daƙiƙa 21 kacal kowane yaro zai samu. Idan kuwa aka haɗa su biyu-biyu suka yi magana a lokaci guda na minti takwas, kowa ya samu minti huɗu. Duk matakan da ke biye an gina su ne a kan wannan lissafi.

Mataki na farko: a san inda kowane yaro yake

Kuskuren da ya fi yawa shi ne buɗe littafin aji biyar a fara daga shafin farko, alhali a cikin ajin akwai yaran da ba su gama gane haruffa ba. Saboda haka makonni biyu na farkon zango a ware su domin awo. Malami ya ɗauki takarda guda ya raba ta huɗu, ya rubuta haruffa goma a kashi na farko, kalmomi goma masu sauƙi a na biyu, gajerun jimloli huɗu a na uku, sannan ɗan labari mai layi bakwai ko takwas a na huɗu. Ya riƙa kiran yara ɗaya-ɗaya yayin da sauran suke wani aiki, ya fara da jimloli, wanda ya iya a haura da shi zuwa labari, wanda ya kasa a sauko da shi zuwa kalmomi, sannan haruffa. Minti biyu sun isa kowane yaro. Wannan ita ce hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, inda ake koyar da yaro daidai matakin da yake maimakon ajin da shekarunsa suka kai shi.

Ya kamata a yi irin wannan takarda da Hausa ita ma. Yaron da ya iya karanta Hausa ya riga ya fahimci cewa harafi yana wakiltar sauti kuma ana harhaɗa sautuka a samu kalma, don haka aikinsa a Turanci ya ragu ƙwarai. Wannan ne dalilin da ya sa shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da shirin RANA a Katsina da Zamfara suka fara da karatun Hausa. Idan awo ya nuna yaro ba ya karanta ko wane harshe, a fara masa da gaɓoɓin Hausa na ɗan lokaci kowace rana, a bar Turancinsa ya zama na ji da faɗa tukuna. A rubuta sakamakon a gefen sunan kowa a wani littafi daban, kada a karanta shi a bainar aji.

Mataki na biyu: a tsara ajin kafin a tsara darasi

A raba yara rukuni-rukuni, takwas zuwa goma a kowanne, a ba kowane rukuni suna da Turanci, kamar sunan launi ko na 'ya'yan itace, domin sunan kansa ya zama darasi. Kada sunan ya nuna wanda ya fi ƙoƙari, yara suna saurin gane rukunin da ake yi wa kallon daƙiƙai kuma ba sa mantawa. A lokacin koyon karatu a zaunar da masu mataki ɗaya wuri ɗaya, a lokacin magana kuwa a gauraya su, ta yadda kowane rukuni zai samu aƙalla yaro ɗaya da ya ɗan yi gaba. Wannan yaron shi ne shugaban rukuni, shi zai kira sunan 'yan rukuninsa, ya raba kayan aiki, ya tattara littattafai, ya kuma maimaita umarni ga wanda bai ji ba. A riƙa sauya mataimakinsa duk wata, a kuma tabbatar an ba 'yan mata shugabanci, domin a ajin da aka gauraya maza da mata muryar maza takan danne tasu tun daga makon farko.

Ko da a ƙasa yara suke zaune, a ja layi da alli a bar hanya a tsakiya da malami zai bi har bangon baya. Yaran da ke bayan aji su ne suka fi asara, kuma da yawansu ba rashin ƙwaƙwalwa ne ya kai su can ba, akwai mai matsalar ido ko kunne da ba wanda ya lura da shi. Wanda yake ƙanƙance ido idan yana kallon allo, ko yake karkato kai idan ana magana, a dawo da shi gaba. Sauran layuka kuma su riƙa juyawa duk mako. Kowane yaro ya san abokin maganarsa na dindindin, wato wanda ke kusa da shi, domin kada a ɓata lokaci kullum wajen neman wanda za a haɗa shi da shi.

Sai alamar yin shiru. Ajin da ake magana biyu-biyu dole ya yi hayaniya, kuma malamin da ba shi da hanyar tsayar da ita cikin gaggawa zai ji tsoron fara ta. A zaɓi alama guda, misali tafi uku da yara za su amsa da tafi biyu sannan su ɗaga hannu, a yi ta gwada ta a kwanakin farko har ta zauna. A sanar da shugaban makaranta da malamin ajin da ke maƙwabtaka tun da wuri cewa za su riƙa jin surutu na 'yan mintuna kuma aiki ne ake yi. A bazara, idan zafin kwanon rufi ya hana zama, aikin baki ya fi kyau a ƙarƙashin darbejiya, a damina kuma idan ruwa yana dukan kwano har ba a jin murya, sai a koma rubutu, don haka malami ya riƙa ajiye aikin rubutu guda a shirye.

Mataki na uku: a rage yawan abin da za a koyar

Jerin kalmomin da Michael West ya wallafa a 1953 ya ƙunshi kimanin kalmomi 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma su ne suke ɗauke da mafi yawan maganar yau da kullum. Yaron da ya riƙe kalmomi ɗari biyar da kyau har yana iya gina jimla da su ya fi wanda ya kwafi dubu biyu a littafi bai san ma'anarsu ba. Don haka a darasi guda kada sababbin kalmomi su wuce shida zuwa takwas, ginin jimla kuma ya zama iri ɗaya tak. Malami ya duba jadawalin zango da aka ba shi ya tantance batutuwan da sauran suka dogara a kansu, kamar yadda ake faɗin abin da ake yi yanzu da abin da aka yi jiya da yadda ake tambaya, ya ba su mafi yawan lokaci, sauran kuma ya taɓa su a taƙaice. Na san jami'an sa ido sukan tambayi ko an gama manhaja, amma littafin awon da aka yi a mataki na farko hujja ce mai ƙarfi da za a nuna musu, kuma a ganina gama manhajar da yara ba su fahimta ba zaluntar su ne.

A makonnin farko a fara da Turancin da ake buƙata a cikin ajin kansa, irin su "May I come in?" da "I don't understand" da "Please say it again". A rubuta su a kwali a manne a bango, a kuma dage sai an yi amfani da su kullum, domin su ne jimlolin farko da yaro zai faɗa saboda yana da buƙata ta gaske.

Mataki na huɗu: yadda darasi guda zai gudana

A ɗauka yau ana son koyar da yadda ake faɗin aikin da mutum yake cikin yi. Minti biyar na farko na bita ne, malami ya ɗaga abubuwa ko hotunan darasin jiya yara suna faɗin sunayensu, ya kuma jefa tambayoyi uku ko huɗu zuwa kusurwoyi daban-daban na ajin, ba ga masu ɗaga hannu kaɗai ba.

Daga nan ya ɗauki tsintsiya ya fara shara a gaban allo yana cewa "I am sweeping", ya maimaita sau uku a hankali ba tare da ya fassara ba. Ya ajiye tsintsiya ya ɗauki kofi ya kai baki ya ce "I am drinking", ya ɗauki alli ya ce "I am writing". Sai ya kira yarinya guda, a ce Hauwa, ya miƙa mata tsintsiyar ya tambaye ta "What are you doing?" Idan ta yi shiru ta sunkuyar da kai, kada ya matsa mata, ya raɗa mata amsar a kunne ta faɗa da ƙarfi, aji ya tafa mata. Bayan haka kowa ya miƙe, malami yana faɗin aikin suna kwaikwayonsa da jiki kafin a nemi su furta komai. Wannan dabara ta haɗa magana da motsin jiki, wadda masanin halayyar ɗan'adam James Asher ya fito da ita a Amurka a shekarun 1960, tana da amfani na musamman a babban aji, domin da kallo ɗaya malami zai ga wanda yake shara alhali an ce a sha ruwa. Wannan sashe ya ɗauki kamar minti bakwai.

Sai maimaitawa da baki ta minti biyar, kuma a nan ne ake buƙatar lura sosai. Yaranmu sun ƙware a hadda, suna iya rera jimla da murya ɗaya daidai yadda malami ya faɗa ba tare da sun san abin da take nufi ba, malami kuma ya tafi da farin cikin an koya. Maganin haka shi ne kada a maimaita abu iri ɗaya fiye da sau biyu ba tare da an sauya wani abu ba. Rabin aji na dama ya yi tambaya, na hagu ya amsa, sannan a juya. 'Yan mata su tambaya, maza su amsa. Malami ya yi aikin da hannu ba tare da ya yi magana ba, su kuma su nemo jimlar da kansu. Wani lokaci ya yi kuskure da gangan, ya ɗauki kofi ya ce yana rubutu, ya ga ko za su ce "No, Malam!" Ajin da ya kama wannan kuskure ya fahimta.

Yanzu ne za a je allo. A ja gidaje uku, a na farko a rubuta I, He, She, a na biyu am da is, a na uku kalmomin aiki shida da aka koya. Daga wannan ɗan jadawali yaro zai iya fitar da jimloli goma sha takwas, kuma shi ne zai tsaya a madadin littafin da babu. Kowa ya juya ga abokin maganarsa, ɗaya ya kwaikwayi aiki ɗaya ya tambaya, suna musanyawa har minti takwas. Malami kada ya tsaya a gaba, ya bi hanyar tsakiya zuwa baya yana saurare, ya gyara wa wanda ya kauce cikin raɗa, ya kuma riƙe a ransa kuskuren da ya fi maimaituwa. A ranar farko yara da yawa za su yi Hausa ko su yi dariya, wannan ba dalilin fasawa ba ne, a fara da minti biyu a riƙa ƙarawa.

Minti bakwai na gaba kowa ya rubuta jimloli huɗu daga jadawalin, waɗanda suka yi gaba su ƙara biyu nasu na kansu a kan abin da ake yi a gidansu, waɗanda suke matakin haruffa kuma su kwafi jimla ɗaya su ja layi a ƙarƙashin harafin da aka koya musu. A minti uku na ƙarshe malami ya riƙa goge kalmomin allo ɗaya bayan ɗaya aji yana ci gaba da faɗin jimlolin har allon ya zama fayau. Abin lura shi ne kwafar rubutu daga allo ba ta samu fiye da kashi ɗaya cikin biyar na lokacin ba, saɓanin abin da aka saba, inda malami zai cika allo da nota ya zauna yana jiran ƙararrawa.

Mataki na biyar: a san lokacin yin Hausa

Har yanzu akwai makarantun da ake rubuta sunan masu yin banakula a ci su tara ko a zane su. Abin da wannan yake haifarwa shi ne yaro ya kama bakinsa gaba ɗaya, kuma yaron da ya yi shiru ba ya koyon harshe. A ɗaya gefen kuma akwai malamin da yake yin darasin Turanci kacokan da Hausa, yara su tashi ba su ji jimla biyar ta Turanci ba. Hanyar da ta dace ita ce a ware wa Hausa ayyuka sanannu: bayanin sabon aiki a karon farko, ma'anar kalmar da ba za a iya nunawa da hannu ko hoto ba, bayanin nahawu a taƙaice, da lallashin yaron da ya firgita. Idan za a fassara, a faɗi jimlar da Turanci, a faɗi ma'anarta da Hausa sau ɗaya cikin sauri, sannan a rufe da Turancin, domin shi ne zai zauna a kunne. Umarnin da aka riga aka koyar, kamar a buɗe littafi ko a zauna, kada a sake fassara shi. Malaman Nijar da suke koyar da Ingilishi a kwaleji ga yaran da suka fara da Faransanci su ma za su ga cewa gajeren bayani da Hausa ya fi saurin isa ga ɗalibin Maraɗi ko Damagaram.

Mataki na shida: furuci da karatu

Wanda ya yi makarantar allo ya san ana fara babbaƙu kafin farfaru, sannan a koyi haɗa su, kuma karatun Turanci ma haka ya kamata a bi shi, a koyi sautin harafi kafin sunansa. Tsarin Jolly Phonics, wanda aka horar da malaman firamare da yawa a Najeriya a kansa, yana koyar da sautuka 42 kuma yana farawa da s, a, t, i, p, n, saboda da waɗannan shida kaɗai yaro zai iya harhaɗa kalmomi kamar sit da pan da tin tun a mako na biyu. Ko malami bai samu horon ba, zai iya bin wannan jeri da katunan kwali, sauti ɗaya ko biyu a rana, minti goma a farkon darasi ga rukunin da awo ya nuna suna buƙata.

Bahaushe yana da wuraren tuntuɓe sanannu, kuma malamin da ya san su zai tari matsalar tun kafin ta zauna. Babu p da v a abacadar Hausa, shi ya sa ake rikita pan da fan ko pull da full. A sa yaro ya riƙe 'yar takarda a gaban leɓɓansa, idan ya furta p daidai, leɓe ya haɗu da leɓe, iska ta fito da ƙarfi ta kaɗa takardar, wajen f da v kuwa haƙoran sama ne za su taɓa leɓen ƙasa, kuma abokin maganarsa zai iya duba masa. Harafin c tarko ne ga wanda ya iya karatun Hausa, domin zai karanta cat da irin sautin da ke farkon kalmar ciki, don haka a faɗa masa wannan bambanci ƙarara tun farko. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, shi ya sa bread ya zama burodi a bakinmu, kuma yaro zai cusa wasali a tsakiyar school ko a ƙarshen book. A gyara wannan ta hanyar jan sautin s a haɗe shi da na gaba a hankali. Babban aiki yana wajen wasula, Hausa tana da biyar masu tsawo da gajarta kuma ana rubuta su kusan yadda ake faɗa, Turanci kuwa yana da sautin wasali kusan ashirin da ake rubutawa da haruffa biyar. Ba a buƙatar yaro ya yi magana kamar ɗan Landan, a mayar da hankali ga kuskuren da yake sauya ma'ana, kamar ship da sheep, a ƙyale sauran.

Abin karantawa kuma ana iya samar da shi. Kwalayen da masu shago suke zubarwa suna zama katunan kalmomi, buhun shinkafa idan aka ɗinka masa aljihu-aljihu aka rataye shi yana zama wurin jera kalmomi a gina jimla, ledar Indomie da gwangwanin Peak da kwalin ashana duk suna ɗauke da Turancin da yara suke gani kullum ba su taɓa karantawa ba. Mafi amfani shi ne labarin da aji ya tsara da kansa. A tambayi yara abin da ya faru ranar kasuwa, su faɗa da Hausa, malami ya mayar da shi jimloli shida masu sauƙi na Turanci a allo, a karanta tare, sannan wani mai kyan rubutu ya kwafe shi a babban kwali. Idan aka riƙa yin ɗaya duk mako, a ƙarshen zango bango zai cika da labarai goma sha biyu da yara suka san ma'anarsu. Allon da ya koɗe a shafe shi da niƙaƙƙen gawayi da aka kwaɓa da ɗan ƙaro, a guji baƙin garin cikin batir da wasu suke amfani da shi, saboda yara suna taɓa allo da hannu. Malamin da ke da waya ya sauke gajerun hirarraki na Turanci idan ya samu intanet, ya kunna da ƙaramar sifika, domin yara su saba da muryar da ba tasa ba.

Mataki na bakwai: duba aiki da gyara kuskure

Ba mai iya duba littafi ɗari kullum, kuma wanda ya gwada zai daina ba da aiki gaba ɗaya. A karɓi littattafan rukuni ɗaya kowace rana, idan rukuni goma ne kowane yaro zai ga jan biron malami sau ɗaya a mako biyu. Sauran ranaku a yi musayar littafi da abokin magana, malami ya rubuta amsa a allo su duba wa juna. Shifta ta jimla uku sau biyu a mako tana nuna ji da rubutu a lokaci guda kuma tana da saurin dubawa. A kowane mako a zaɓi kuskure iri ɗaya da za a bi, a sanar da aji, a kawar da kai daga sauran, domin shafin da aka cika da jan biro karya gwiwa kawai yake yi.

Kurakurai da yawa daga Hausa suke tasowa kuma suna da dalili. Yaro zai ce "drink medicine" saboda mu shan magani muke yi, zai kira kujera "she" saboda a Hausa ita ce, zai kuma bar a da the saboda ba haka muke gina jimla ba. Idan aka nuna masa tushen kuskuren a jimla ɗaya ta Hausa, yakan gane nan take. A lokacin magana kada a katse shi, a bari ya gama, malami ya maimaita jimlar daidai kamar yana amsa masa. Bulala a kan kuskuren harshe kada ta shigo ko kaɗan, haka nan dariyar 'yan aji, a hana ta da gaske tun ranar farko.

Mataki na takwas: fashi, iyaye, da Turancin malamin kansa

A ƙauye yara suna fashi lokacin shuka da girbi da ranar kasuwa, a birni kuma talla tana ɗauke 'yan mata da yawa da safe. A guji shigo da sabon abu a ranar da aka san aji zai ragu, a mayar da ita ranar bita da wasa da kalmomi. Wanda ya dawo daga fashi shugaban rukuninsa ya zauna da shi minti biyar a lokacin tara ya nuna masa abin da ya wuce. A taron iyaye da malamai ko na kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, a kira yara biyu ko uku su yi gajeriyar hira da Turanci su kuma karanta labarin bango, domin uban da ya ji ɗansa da kunnensa ya fi saurin sayen littafin rubutu da fensir fiye da wanda aka yi wa dogon jawabi. Uwar da ba ta jin Turanci ma tana iya taimakawa idan ta riƙa cewa yaro ya faɗa mata sunayen kayan ɗaki da ya koya.

Akwai kuma batun da ba a son faɗa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar cancanta ta kuma ce fiye da 21,000 ba su ci ba, kuma duk da taƙaddamar da ta biyo baya a kan yadda aka yi ta, ta nuna cewa malamai da yawa an tura su koyar da harshen da su ma ba a koya musu da kyau ba. Malamin da yake jin Turancinsa bai zauna ba ya rubuta jimlolin da zai faɗa a aji tun da dare, ya saurari furucin sababbin kalmomi a waya, ya kuma nemi abokan aiki biyu ko uku su riƙa zama rabin awa a mako suna gwada darasin da za su koyar a gaban juna.

A makon ƙarshe na zango a sake fito da takardar awo, da sababbin kalmomi da sabon labari masu nauyi ɗaya da na farko, a rubuta sakamakon a gefen na baya. Wanda ya haura mataki a sauya masa rukunin karatu. Waɗanda ba su motsa ba a rubuta sunayensu daban, a duba yawan fashinsu a rajista, a duba ido da kunne, a gana da iyayensu, sannan a zangon da ke tafe a zaunar da su a layin gaba a ba su minti goma na farkon kowane darasi.